Na guje wa kiran Allah shekara 19, har yanzu yana ƙaunata?

"Baba Fasto barka da hidima. Shekarata 43, ina da mata da yara huɗu. Tun ina saurayi a wani taron matasa na ikkilisiyarmu na fito gaba na ce zan yi aikin bishara, har dattawa suka ɗora mini hannu suka yi addu'a. Da lokacin tafiya makarantar Baibul ya zo sai na samu aikin gwamnati, na ce bari in tara wani abu tukuna. Yau shekara 19 ke nan. Yanzu shagon da na buɗe wa matata ya karye, ƙaramin ɗana kullum muna hanyar asibiti, wani ɗan'uwa ya ce mini ni Yunusa ne, Allah ne yake bi na da bulala. In na shiga sujada ko kai ba na iya ɗagawa. Dan Allah Baba ka faɗa mini gaskiya, Allah ya fid da ni ne ko har yanzu yana ƙaunata?"

Ɗana, sannu da ɗawainiya, Ubangiji ya taɓa yaron nan ya ba shi lafiya. Na karanta saƙonka a tsanake, kuma abin da na gani shi ne tambaya uku ce ka ƙulle wuri ɗaya: ko Allah ya daina ƙaunarka, ko wahalar da kake ciki hukunci ne, da kuma ko kiran nan yana nan har yanzu ko ya wuce ka. Ta farkon zan amsa maka ba tare da wani kwana-kwana ba domin Littafi Mai Tsarki bai bar ta a duhu ba. Allah bai fid da kai ba, yana ƙaunarka yau kamar yadda ya ƙaunace ka ranar da ka fito gaba a taron nan, domin tun asali ba fitowarka gaba ce ta sayo maka ƙaunar ba. Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, toh in ƙaunar ta fara tun kafin ka yi biyayya ko ɗaya, yaya za a yi rashin biyayyarka a wuri ɗaya ya kashe ta? Sauran biyun kam sai mun bi su a hankali.

Yunusan da aka kira ka da shi

Tunda an ce kai Yunusa ne, bari mu duba Yunusan da kyau, domin mutane da yawa sura ta ɗaya kawai suka sani, hadari da kifi, daga nan sai su rufe littafin. Yunusa ɗan Amittai ba sabon tuba ba ne, annabi ne sananne daga Gat-hefer a zamanin sarki Yerobowam na biyu, 2 Sarakuna 14:25 ta ambace shi. Allah ya ce ya tashi ya tafi Nineba, babban birnin nan na Assuriyawa wanda kufansa yake kusa da Mosul a Iraƙi ta yanzu, wato gabas ke nan. Shi kuwa ya gangara Yafa, ya biya kuɗin jirgi da hannunsa, ya nufi Tarshish ta yamma, ya sauka can ƙasan jirgin ya shari barcinsa. Babu maganar bai fahimta ba, ya ji sarai, ya ƙi.

Yanzu ka lura da abin da Allah ya yi. Yana da annabawa, zai iya barin Yunusa ya nutse ya aiki wani. Amma da aka jefa shi cikin teku sai ya shirya kifi, kuma in ka karanta sura ta 2 za ka ga addu'ar da Yunusa ya yi a cikin kifin nan addu'ar godiya ce, yana cewa ruwa ya sha kansa, ciyayin teku sun naɗe masa kai, amma Ubangiji ya fid da ransa daga rami. Ashe kifin nan ceto ne aka aiko masa. Sai kuma ayar da nake so ka ja mata layi a Baibul ɗinka, sura 3 aya 1: maganar Ubangiji ta zo wa Yunusa karo na biyu. Aikin nan dai, birnin nan dai, mutumin nan dai. Ba a ce masa sai ya yi shekara kaza yana biyan bashin gudun da ya yi ba.

Kuma bai ƙare nan ba, domin ko bayan Nineba ta tuba Yunusa fushi ya yi, ya fita bayan gari ya kafa 'yar rumfa yana jiran ya ga ko za a hallaka su, har yana roƙon mutuwa. Allah bai buge shi ba, sai ya tsiro masa da wata shuka ta yi masa inuwa, washegari tsutsa ta cinye ta, Allah ya zauna yana lallashinsa da tambaya: kai ka ji tausayin shukar da ba ka wahala a kanta ba, ni ba zan ji tausayin birni mai mutum fiye da 120,000 da ba su san dama da hagu ba? A kan tambayar nan littafin ya ƙare. Ni duk lokacin da na koyar da wannan littafi abin da yake taɓa ni shi ne, mutanen Nineba wa'azi ɗaya ya ishe su, amma annabin Allah sai da aka haɗa iska da teku da kifi da shuka da tsutsa da zafin rana, duk domin mutum ɗaya mai taurin kai, kuma Allah bai gaji ba. In ɗan'uwan nan ya ce kai Yunusa ne, ka karɓa, amma ka karɓi littafin duka har ƙarshensa.

Ba Yunusa kaɗai ba ne. Musa yana da shekara 80 aka kira shi, a Fitowa sura 3 da 4 ya yi ta kawo hujja, wane ne ni, in sun tambayi sunanka me zan ce, ba za su yarda da ni ba, bakina yana da nauyi, a ƙarshe ya fito fili ya ce Ubangiji ka aiki wani. Nassin ya ce fushin Ubangiji ya yi ƙuna a kansa, ban ɓoye maka wannan ba, amma ka duba abin da ya biyo bayan fushin: an ba shi Haruna ya zama bakinsa. Irmiya ya ce shi yaro ne bai iya magana ba, daga baya ma da duka da ba'a suka ishe shi ya yanke shawara ba zai ƙara magana da sunan Ubangiji ba, sai maganar ta zama kamar wuta a ƙasusuwansa (Irmiya 20:9). Yohanna Markus ya bar Bulus da Barnaba a tsakiyar tafiya a ƙasar Bamfiliya ya koma Urushalima, abin ya yi wa Bulus zafi har ya ƙi ɗaukarsa a tafiya ta gaba, shi da Barnaba suka rabu a kan haka, amma a wasiƙarsa ta biyu ga Timoti, 4:11, Bulus ɗin nan ne yake cewa a zo masa da Markus domin yana da amfani a hidima. Ga kuma misalin Yesu a Matiyu 21:28-31, ɗan da ya ce wa ubansa ba zai je gona ba, daga baya ya sake tunani ya tafi, shi aka ce ya yi nufin uban.

In kana son ka ji zuciyar Allah da kanta game da masu guje masa, ka zauna da Yusha'u sura 11. Yana cewa tun Isra'ila yana yaro na ƙaunace shi, ni na koya masa tafiya, na ɗauke shi a hannuna, amma ina kiransu suna ƙara nisa. Kana jiran ka ji hukunci sai ka ji yana cewa yaya zan yi in rabu da kai ya Ifraimu (wato Isra'ila), zuciyata ba za ta bar ni ba, gama ni Allah ne ba mutum ba. Bahaushe ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, toh in mu mutane mun san wannan, balle wanda ya ba da Ɗansa.

Maganar shago da rashin lafiyar yaro

Nan ne nake so ka saurare ni sosai, domin nan ne aka fi cutar da mutane irinka. Gaskiya ne Allah yana horon 'ya'yansa, Ibraniyawa 12:5-11 ta faɗa, ta kuma ce wanda yake ƙauna shi yake horo. Gaskiya ne kuma hadarin Yunusa daga Allah ne, amma mun san haka ne domin nassin ya faɗa ƙarara cewa Ubangiji ne ya aiko da iskar. Wace aya ce ta gaya wa ɗan'uwan nan cewa ciwon ɗanka daga gudun kira ne? Babu. Mutane suna son su ce ruwa ba ya tsami banza, haka abokan Ayuba suka zauna suka yi ta yi, a ƙarshe Allah ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba. Almajirai ma sun ga makaho tun haihuwa suka tambaya zunubin wa ne, nasa ko na iyayensa, Yesu ya ce ba ko ɗaya (Yahaya 9:1-3). A Luka 13 ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa musu, ya ce kada ku ɗauka sun fi sauran mutanen Urushalima laifi.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da farashin kaya suka tashi, shago nawa ne ya rufe a unguwarku? Masu shagunan nan duka kira suka guje wa? Ka zauna da matarka ku ɗauko littafin bashi, ku ga nawa ne a hannun mutane, nawa aka ci a gida daga jarin, sau da yawa amsar tana nan. Yaro kuma ka riƙe asibiti da gaske, in ba a taɓa yi masa gwajin jini na sikila ba ka tambayi likita, ku yi addu'a kuna ba da magani. Na taɓa zama da wata uwa a ofishina, ɗanta yana kwance a zaninta jikinsa zafi rau, tana kuka tana cewa an gaya mata laifin mijinta ne da ya ƙi aikin Allah, har ta daina kai yaron asibiti tana jiran mijin ya tuba. Ranar sai da na bar komai muka sa yaron a mota. Irin wannan koyarwa tana iya kashe rai, shi ya sa nake zafi a kanta.

Ni daga nan ba zan iya ce maka wannan wahala horo ce, waccan ba horo ba ce, kuma duk wanda ya ce maka ya sani tabbas ka yi hankali da shi, musamman in ya biyo da maganar kawo wani abu a karya la'ana. Abin da zan iya gaya maka shi ne yadda ake gane muryar Ruhu Mai Tsarki da ta mai ƙara, wato Shaiɗan. Ruhu yana nuna maka abu takamaimai, ka yi alkawari ba ka cika ba, zo mu gyara, kuma yana jawo ka wurin Allah. Mai ƙara kuwa ba ya nuna hanyar gyara, sai dai ya ce ka lalace, an gama da kai, kada ma ka yi addu'a. Wannan da ya hana ka ɗaga kai a sujada ka duba shi da kyau. Romawa 2:4 ta ce alherin Allah ne yake jawo mutum ga tuba, Romawa 8:1 kuma ta ce babu hukunci ga waɗanda suke cikin Almasihu Yesu.

Amma kada in yi maka daɗin baki. Ƙauna tana nan, wannan bai nuna gudun bai ci komai ba. Shekara 19 sun tafi ba za su dawo ba, ƙarfin da kake da shi a shekara 24 na hawa keke ƙauye-ƙauye ba shi ne kake da shi yanzu ba. Isra'ilawa da suka ƙi shiga ƙasar alkawari a Kadesh, Allah ya gafarta musu da Musa ya yi roƙo, ya ci gaba da ba su manna har shekara 40, tufafinsu ma ba su tsufa ba, amma tsaran nan ba su shiga ba (Ƙidaya 14). Saurayin nan mai dukiya da ya zo yana tambayar Yesu hanyar samun rai madawwami, Markus 10:21 ta ce Yesu ya dube shi ya ƙaunace shi, duk da haka ya juya ya tafi da baƙin ciki, Yesu bai riƙe masa riga ba. Kuma Ibraniyawa 3 tana ta maimaita cewa yau in kun ji muryarsa kada ku taurare zukatanku, domin zuciya in ta saba cewa gobe, wata rana ko damuwar ma ba za ta ƙara ji ba. Kai kana jin damuwar har ka zauna ka rubuto, wannan ya ba ni ƙarfin zuciya a kanka.

Me ya sa ka gudu tun farko

Ka ce ka so ka tara wani abu tukuna. Ban raina wannan ba ko kaɗan. Duk wanda ya san yadda masu bishara suke rayuwa a ƙauyukanmu, ɗan abin da ake ba su a wata wani lokaci ma ya makara, kuɗin makarantar yara ya zo babu, sai gona ta riƙe su, ya san tsoron nan ba na banza ba ne, kuma mu ikkilisiya muna da laifi babba a yadda muke riƙon waɗanda muka aika. Wani kuma ɗan fari ne, iyaye sun sayar da akuya da hatsi sun sa shi makaranta, ƙanne suna jira, yana cewa Baibul gida ya ɗauki kuka. Wani yana ganin bai isa ba kamar Musa. Wani akwai zunubin da yake ɓoyewa, yana tsoron ya hau bagade da shi.

Akwai kuma dalilin Yunusa, wanda ba mu cika son faɗa ba. A sura 4 aya 2 ya faɗi abin da ya kore shi, ya ce na san kai Allah ne mai alheri da jinƙai, mai jinkirin fushi, shi ya sa na gudu. Ba tsoron Nineba ya hana shi ba, ba ya so a gafarta musu ne, kuma Assuriyawa ba mutanen wasa ba ne, su ne daga baya suka ci Samariya a shekara ta 722 kafin haihuwar Almasihu suka kwashe mutanenta. Mu a arewa wannan ba labarin da ba ne. 'Yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, a shekarar 2014 har hedikwatarsu ta Kwarhi sai da suka bar ta domin Boko Haram, ga ƙauyukan Filato da kudancin Kaduna da aka yi ta binne mutane. Na ji samari da kunnena suna cewa Baba a aike ni ko'ina amma ban da wurin mutanen nan. Ba na tsawata musu da sauri domin na san abin da wasunsu suka gani da idonsu, amma ina nuna musu cewa Allahn da ya bi Yunusa da haƙuri shi ne ya ji tausayin Nineba, ba za ka riƙe ɗaya ka ƙi ɗayan ba. Kai ka san naka dalilin, ka kira shi da sunansa a gaban Allah, domin in ba ka yi ba, ko an ba ka wata dama abin nan zai sake tare ka.

Toh yanzu fa

Fara da alkawarin. Mai Hadishi 5:4-5 ta ce in ka yi wa Allah wa'adi kada ka yi jinkirin cikawa, don haka kada ka ce ai ƙuruciya ce. Ka durƙusa ka faɗa masa yadda abin yake, na ce zan je ban je ba, na fi amincewa da albashi, ka gafarta mini. 1 Yahaya 1:9 ta ce shi mai aminci ne zai gafarta. In ka yi wannan ka tashi, kada ka mai da shi addu'ar kowace safiya kamar ba a ji ka ba. Ka tuna Bitrus bayan ya yi musu sau uku, a bakin tekun Galili Yesu sai da ya ba shi kifi da gurasa ya ci tukuna, sa'an nan ya tambaye shi kana ƙaunata, ya ce ka yi kiwon tumakina (Yahaya 21).

Sai maganar ko kiran aikin bishara na cikakken lokaci ne har yanzu. Wannan ba ni zan yanke maka ta waya ba, ban san ka ba, ban ga rayuwarka ba. A taron matasa akan yi wa'azi mai zafi, waƙa tana tashi, abokai suna fita, wasu kiran gaske ne, wasu kuma zuciya ce ta motsu domin Allah amma ba a taimake su sun gane ta wace hanya za su bauta masa ba. A Ayyukan Manzanni 13 Ruhu Mai Tsarki ya yi magana ne a tsakiyar ikkilisiyar Antakiya suna sujada da azumi, su suka ɗora wa Barnaba da Shawulu hannu suka sallame su. Don haka ka je wurin fastonka da dattawan da suka san ka, in akwai wanda ya rage cikin waɗanda suka yi maka addu'a a wancan lokaci ka neme shi, ka ce su gaya maka gaskiya ko suna ganin baiwar koyarwa da kiwo a cikinka. Kada ka tsaya jiran mafarki, ka karɓi aji a makarantar Lahadi, ka bi 'yan ƙungiyar bishara ta Sabon Rai fita wa'azi, ka nemi a ba ka wata ƙaramar majami'a da ba ta da mai bishara ka riƙa zuwa ran Lahadi. Cikin shekara guda kai da su za ku ga abin da yake nan.

In ya tabbata, shekara 43 ba ta rufe ƙofa ba. Na ga mutane sun shiga aji da furfura bayan sun yi ritaya, kuma sau da yawa sun fi samari sanin yadda ake zama da mai makoki ko sasanta miji da mata. Makarantun tauhidi suna nan, Kagoro da JETS ta Jos, TCNN ta Bukuru, Gindiri, Kulp, ga ƙananan makarantun Baibul da ake koyarwa da Hausa, ka tambayi ofishin gundumarku wacce take da tsarin karatun da ma'aikaci zai iya yi ba tare da ya ajiye aiki nan take ba. In kuma bai tabbata ba, ba a rage maka daraja ba. Bulus ya yi ɗinkin tanti, Daniyel da Nehemiya ma'aikatan fada ne, kuma albashin nan naka zai iya riƙe ɗan wani mai bishara a makaranta.

Abin da nake roƙonka kada ka yi shi ne ka rubuta takardar ajiye aiki cikin tsoro domin wai bulala ta tsaya. Yanzu ba kai kaɗai ba ne, 1 Timoti 5:8 ta ɗora maka nauyin gidanka, yaro marar lafiya yana bukatar magani kowane wata. Matarka ma'aikacin gwamnati ta aura, ba a yi da ita za ta zama matar mai bishara ba, kuma a aikin nan matar takan ɗauki rabin kayan, baƙi, zumuntar mata, ƙaura daga wannan gari zuwa wancan. Kafin ka je wurin fasto ita za ka fara zama da ita, ka ba ta labarin tun daga taron nan, ka bar ta ta faɗi tsoronta har ta gama ba ka katse ta ba. In ta ce tana bukatar lokaci ka ba ta, ku riƙa addu'a a kai tare, ranar da za ka ga dattawa kuma ku tafi ku biyu.